Ni da Uwani a Hannun 'Yan Sandan Jidda

Daga Haɗeja zuwa Kano

Ko assalatu ba a kira ba Uwani ta zo tana dukan ƙofarmu kamar gobara ta tashi. Na fito da buta a hannu na ce, "Ke Uwani, jirgin nan fa sai bayan la'asar zai tashi." Ta ce, "Idan ya ga dama ya tashi da hantsi, ke za ki riƙe shi?"

Ni ce Rakiya, ungozoma, na gama aikin asibiti na huta. Uwani ƙawata ce tun muna 'yan mata, atamfa take sayarwa, kuma duk unguwarmu babu wanda bai san dariyarta ba. 'Ya'yanmu ne suka haɗa kai suka biya mana Umra. Babu wadda ta taɓa shiga jirgin sama a cikinmu.

Muna idar da sallar asuba direba ya ɗauke mu. A Gujungu muka tsaya muka sha koko da ƙosai mai zafi. Gab da Gezawa muka tarar da shingen 'yan sanda, ɗaya ya leƙo ya ce a buɗe bayan mota. Uwani ta zuro kai ta taga ta ce, "Yallaɓai, Makka za mu. Faɗi sunanka in kai shi gaban Ka'aba." Nan take ya washe baki, ya faɗi nasa, ya ƙara da na matarsa, ya ɗaga mana hannu. Uwani ta gyara zama ta ce da ni, "Kin gani? Ɗan sanda ko'ina yake a duniya, baki yake so." Na ce to.

Daga Kano zuwa Ƙasa Mai Tsarki

Da jirgi ya ɗaga, Uwani ta damƙe hannuna har sai da awarwarona ya lanƙwashe. Da aka kawo abinci tsoro ya tafi, ta cinye nata, ta tambayi ma'aikaciyar ko akwai ƙari. Da muka sauka, wakilin kamfanin da ya yi mana biza ya karɓe fasfunanmu gaba ɗaya, ya ba kowa kati mai hoto da igiyar ratayawa a wuya. Ya ce, "Fasfo yana wurina har ranar komawa. Wannan katin shi ne ku, ku ne shi."

Labarin Madina da Makka ba na wasa ba ne, ba kuma zan haɗa shi da abin da zan ba ku ba. Abin da zan ce kawai, ranar da muka fara ganin Ɗakin Allah, Uwani mai surutu ta kasa cewa uffan, hawaye kawai take yi. Muka yi Umra lafiya, muka yi wa kowa addu'a, har da ɗan sandan Gezawa da matarsa.

Jidda, gidan Binta

Ina da 'yar'uwa a Jidda, Binta, 'yar ƙanin mahaifina. A can aka haife ta, ban taɓa ganinta ba sai a hoto. Ana saura kwana biyu mu koma gida muka nemi izinin shugaban tawagarmu, mijin Binta, Alhaji Mamman, ya zo Makka ya ɗauke mu. Direban babbar mota ne a tashar jiragen ruwa, mutum mai sanyin magana.

Gidansu yana unguwar Karantina, cikin wasu lungunan da idan ka shiga sai ka rantse kana cikin birnin Kano. Ga mai tsire, ga mai fura, ga Hausa tana tashi ta kowace kusurwa, sai dai an gauraya ta da Larabci. Binta ta fito da gudu ta rungume ni. "Ahlan, ahlan Yaya Rakiya! Wallahi kamar Baba nake gani. Yalla, ku shigo, gida naku ne!"

Aka sauke mana shinkafa mai kayan ƙamshi da kaza, aka ƙara da tuwo miyar kuka don kada mu yi kewar gida. A ɗakin ƙurya muka gaida Iya, mahaifiyar Alhaji Mamman, tsohuwa 'yar firit mai fararen haƙora. Tana yarinya iyayenta suka taso da ita daga Damagaram, suka ratsa Sudan, suka tsallako a jirgin ruwa. A nan ta yi aure, a nan ta tsufa.

Muna shan shayi Uwani ta kawo maganar da ke cinta tun a Makka. "Binta, an ce a garin nan akwai teku. Ni fa duk ruwan da na sani bai wuce kogin Haɗeja ba."

Binta ta yi dariya. "Bahar? Gobe bayan la'asar zan kai ku. Amma Yaya, ku saurare ni, lokacin kame ne yanzu. Ana neman waɗanda suka zo Umra suka ƙi komawa. Idan askar ya tsayar da ku, wato ɗan sanda, kada ku gudu. Wanda ya gudu ya riga ya ce shi mai laifi ne. Kada ku yi masa ƙarya, kada ku ɗaga murya." Ta rage sauti, ta kalli ɗakin ƙurya. "Sannan komai rintsi, kada ku kawo su gidan nan. Ni da Abu Salihu da yara muna da iƙama, takardar zama. Iya ba ta da komai. Idan aka ɗauke ta, Damagaram za a kai ta, garin da ba ta san kowa ba."

Abu Salihu shi ne Alhaji Mamman, da sunan babban ɗansu ake kiransa. Binta ta sa muka haddace lambar wayarsa ta wurin aiki kamar 'yan makarantar allo. Uwani ta mayar da ita waƙa tana kaɗa cokali a jikin kofi, har Iya ta leƙo tana dariya.

Bakin teku

Washegari da safe Binta ta tafi kai ƙaramar 'yarta asibiti. Tana fita Uwani ta matso kusa da ni, idonta yana ƙyalli. "Rakiya, la'asar ta yi nisa. Mu je mu leƙa shi mu dawo, kafin ta dawo mun zauna kamar ba mu ba."

Na ce, "Ke ba ki da hankali."

Ta ce, "Na sani. Tashi."

Na tashi. Muka zari baƙaƙen abayoyin Binta guda biyu muka zura, muka kalli madubi muka tuntsire da dariya, mun zama 'yan gari sak. Uwani ta cire katinta ta rataye a ƙusa, wai igiyar tana sa ta ƙaiƙayi, kuma duk mai saye da sayarwa da ya gan shi zai san baƙi ne mu ya tsuga mana kuɗi. Na ga maganar 'yar kasuwa ce, ni ma na rataye nawa. Muka ce wa Iya za mu miƙe ƙafa.

A bakin titi muka tsayar da tasi. Direban Bayamale ne, mutumin ƙasar Yaman, ya juyo yana jiran mu faɗi inda za mu. Uwani ta buɗe hannuwa ta ce, "Bahar! Bahar!" Ya kalli rana, ya kalle mu, ya girgiza kai yana murmushi, ya ja mota.

Jama'a, na ga ikon Allah. Titi ne miƙaƙƙe mai faɗi, ga dabino a jere, ga lilon yara, ga wasu manyan ƙarafa da aka murɗa aka kakkafa don ado, ga masallaci fari tas kamar a kan ruwa yake zaune. Sannan ga shi nan, shuɗi, ba shi da ɗaya gaɓar. Na tsaya ina ta neman inda ya ƙare, ban samu ba. Can nesa jiragen ruwa sun yi layi kamar gidajen bene.

Uwani ba ta tsaya kallo ba. Ta tuɓe takalma, ta tattare abaya, ta faɗa ruwa har gwiwa. Ta ɗebo da tafin hannu ta kurɓa, ta furzar, ta ƙwala mini kira: "Rakiya, gishiri! Wallahi duk an zuba masa gishiri! Wannan ai miyar duniya za a yi da shi!" Igiyar ruwa ta taho, ta juya a guje tana ihu, ruwan ya koma, ta bi shi tana yi masa tsiya. Ni da nake cewa ta fito, ban san lokacin da na tsinci kaina a ciki ba. Mata biyu masu jikoki, muna watsa wa juna ruwa muna shewa.

Ashe mutanen Jidda ba sa zuwa bakin teku da hantsi. Wurin fayau yake, daga mu sai wasu mata baƙaƙen fata 'yan ƙalilan masu sayar da gyaɗa da ruwan sanyi a gindin dabino. Muka sayi ƙanƙara mai zaƙi muka zauna a kan dakali muna lasa, abayoyinmu suna ɗiga.

Sai na ji wata ta yi wata 'yar ƙara. Kafin in waiga, matan nan sun ɓace kamar ƙasa ta haɗiye su, har da farantansu. Wata doguwar mota mai raga a tagogi ta tsaya a bayanmu.

Ƙafafuna suka ce mini tashi ki gudu. Uwani ma ta zabura, takalma a hannu. Na cafke gefen abayarta na ce, "Zauna! Binta ta ce kada mu gudu."

Ɗan sanda ya ƙaraso, matashi, fuska ba yabo ba fallasa. Ya ce, "Iƙama." Muka kai hannu wuya a tare. Babu komai sai gumi.

Uwani ta saki murmushin nan nata na Gezawa. "Yallaɓai, barka da aiki. Umra, Umra! Addu'a za mu yi maka." Bai ko ƙifta ido ba. Ya nemi fasfo, muka ce yana Makka. Ya dubi abayoyinmu irin na 'yan gari, ya dubi ƙafafunmu duk yashi, ya nuna mota. "Yalla."

Cikin mota mai raga

Muna hawa muka ji an ce da Hausa, "Sannunku da zuwa! Ku matso nan, akwai wuri." Wata mata ce kakkaura, ta ci ado, ta sha lalle hannu da ƙafa, tana fara'a kamar za a kai ta gidan biki. Ta ce sunanta Hauwa, mutuniyar Tawa ce ta ƙasar Nijar.

Na ce, "Baiwar Allah, an kama ki kina murna?"

Ta ce, "Hajiya, makonni na yi ina neman su! Ɗiyata za ta yi aure, na aika kayana gida tuni, ni ce kawai ban da kuɗin jirgi, su kuwa in sun kama mutum kyauta suke mayar da shi ƙasarsu. Kullum sai in yi wanka in tsaya a bakin titi, su wuce ni kamar ba su gan ni ba. Yau da na ga motar, ni na tsayar da ita."

Uwani ta fashe da dariya har da buga cinya, amma na ga hannunta yana kwance bakin zaninta. Hauwa ta doke hannun. "Me za ki yi?"

"Ɗan abin goro zan miƙa masa, mu sauka."

"Mayar! Kina miƙawa laifinki ya zama biyu, na biyun ya fi na farkon nauyi. Nan ba can ba ne." Ta gyara zama, ta shiga karanta mana karatun da ta ce ta koya a kamu biyu da aka taɓa yi mata. "Kwamisariya za a fara kai mu, ofishinsu. Maganar da kuka faɗa da farko ita za ku riƙe har ƙarshe, don haka ku faɗi gaskiya tun farko. Duk takardar da aka miƙo muku, kada ku dangwala sai an karanta muku da harshenku. Ku ce mutarjim, wato mai fassara. Ku maimaita." Muka maimaita. "Sannan ku roƙi waya cikin ladabi. Ku da bizarku ke da rai, fasfo kawai za a kawo. Amma fa a kawo shi kafin motar la'asar, don ita ke kwasar mutane zuwa tarhil, gidan da ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu. In kuka shiga can, fitowa sai an ga dama."

Na dubi Uwani. Jirginmu washegari zai tashi.

Ofishin 'yan sanda

Aka shigar da mu ɗakin mata. Na'urar sanyi tana busawa, mu kuwa a jiƙe, haƙoranmu suka fara kaɗawa. Wata ma'aikaciya mai tsaron ɗakin ta dube mu, ta fita, ta dawo mana da shayi a kofunan takarda.

Uwani aka fara kira. Ofishin jami'in yana kallon ɗakinmu, ƙofa a buɗe, muna jin komai. Duk Larabcin Uwani kalma ɗaya ce, aiwa, wato i, kuma ta lura duk wanda ta ce wa haka a kasuwar Makka sai ya yi murmushi. Jami'in ya yi tambaya. Uwani ta ce, "Aiwa." Ya sake wata. "Aiwa, yallaɓai."

Hauwa ta dafe kai tana raɗa mini. "Ya ce bizarta ta ƙare? Ta ce i. Ya ce sana'a take yi a bakin teku? Ta ce i. Innalillahi, ya ce ta daɗe a ƙasar? Ta ce i!"

Na ga ya juyo da takarda, ya turo mata tawadar dangwale. Uwani ta ɗaga babban yatsa tana murmushi. Na manta da maganar rage murya, na ce, "Uwani, kada ki dangwala!" Yatsan ya tsaya a sama. Jami'in ya ɗago a fusace. Na matso bakin ƙofa, na haɗa hannuwa, na sassauta murya iyakar iyawata, na ce, "Mutarjim. Don Allah, mutarjim."

Ya yi tsaki, ya jefar da biro a kan tebur. Amma ya janye takardar.

Muka yi sallar azahar a ɗakin. Uwani tana sallamewa ta juyo ta ce, "Wai me na ce masa ne?" Da Hauwa ta lissafa mata, ta riƙe baki, sai kuma dariya ta ƙwace mata, ta kama ni, muka yi ta yi muna toshe baki da mayafi, hawaye yana zuba, ban san na dariya ba ne ko na tsoro.

Mai fassara ya zo, wani magidanci baƙi mai furfura a gemu, ma'aikacin ofishin ne, haifaffen Jidda. Yana jin Hausa sarai, amma idan zai yi ta sai ya yi ta laluben kalmomi. Muka ba da labarinmu tiryan-tiryan, ya mayar da Larabci. Jami'in ya saurara, ya yi magana. Mai fassara ya ce, "Ya ce babu mushkila. Kati naku yana gida da kuka kwana? Mota ta kai ku, askar biyu su shiga tare da ku, a gani kati, halas, ku tafi."

Sauƙi ke nan a gabanmu, a miƙe. Ɗan lokaci kaɗan mu fita, mu kama jirginmu gobe. Sai fuskar Iya ta faɗo mini, tana leƙowa daga ɗakin ƙurya.

Na ce, "Mu baƙi ne, lungunan garin nan ba zan iya gane su ba." Gaskiya na faɗa, ni ko a Kano ɓata nake yi. Amma Uwani 'yar kasuwa ce, ba ta taɓa bin hanya sau ɗaya ta manta ba. Na san ta riƙe sunan unguwar, ta riƙe mai tsiren kan kwana, ta riƙe koren ƙyauren. Jami'in ya juya gare ta. Ta buɗe baki. Ta dube ni. Ta rufe shi, ta sunkuyar da kai tana wasa da yashin da ya maƙale a abayarta. Tun muna yara ban taɓa ganin Uwani ta san abu ta yi shiru ba sai ranar.

Mai fassara ya ɗan dube mu, irin duban wanda ya gane. A hankali ya ce, "Lamba na waya, akwai?"

Aka turo mana wayar tebur. Na ɗauka, kaina ya zama fanko. Farkon lambar ya gudu, ƙarshenta kawai nake ji. Na ce, "Uwani, waƙar nan!" Ta rufe ido, ta fara kaɗa yatsa a kan teburin jami'in, ta rero farkon, ta kai tsakiya ta cije. Daidai inda ta cije nan nawa ya fara. Muka haɗa, ita rabi ni rabi, jami'in yana kallonmu kamar ya ga sabon abu.

Alhaji Mamman ya ɗauka, ƙarar injuna a bayansa. Na faɗa masa inda muke. Ya ce, "Hajiya, kun sa hannu a wani abu?" Na ce a'a. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ku zauna, kada ku ƙara ko kalma. Zan kira mutumin fasfo a Makka yanzu."

Daga nan sai jira. Aka kira la'asar, muka yi. Ba a daɗe ba muka ji tsayuwar babbar mota a waje, aka fara kiran sunaye. Hauwa ta miƙe tana gyara ɗankwali, ta rungume mu, ta ce, "Ku yi mini addu'ar a sa ni jirgin farko, kada a ɗaura auren nan ba ni." Ta fita tana taku kamar uwar biki. Ɗaki ya rage daga mu sai mu. Mai tsaron ta dubi takardar hannunta, ta dube mu, ta yi mana alama mu tashi.

Mun kai tsakiyar baranda, ina jin ƙarar motar, sai ga Alhaji Mamman ya shigo da kayan aiki a jikinsa, bayansa wakilin kamfani yana haki, gumi ya jiƙa masa riga, ya ɗaga korayen fasfuna biyu sama. Uwani ta rangaɗa guɗa. A cikin ofishin 'yan sanda! Na toshe mata baki da tafin hannuna.

Jami'in ya duba biza, ya duba fuskokinmu, ya yi wa wakilin faɗa mai tsawo. Ya yaga takardar farko, ya rubuta wata. Mai fassara ya karanta mana ita daga sama har ƙasa: mun fita ba shaida, ba za mu sake ba. Wannan kam gaskiya ce, muka dangwala. Jami'in ya ƙara wata magana yana kallon Uwani. Na ga leɓenta ya fara haɗa aiwa, na mintsine ta. Ta ce, "Malam, me ya ce tukuna?" Mai fassara ya ce, "Ya ce teku da yamma ake zuwa, ya fi daɗi." A nan ne jami'in ya yi murmushi, sau ɗaya tak.

Komawa Karantina

A mota Alhaji Mamman bai yi mana faɗa ba. Ya ce dai da an hana mu waya, abin da za mu yi ta nema shi ne a sanar da ofishin jakadancin ƙasarmu, wannan haƙƙin baƙo ne. Binta ce ta yi faɗan, rabi da Hausa rabi da Larabci, tana yi tana kuka tana shafa fuskokinmu.

Muka shiga gaida Iya. Tana zaune a bakin gado, ta sa mayafinta na fita, ta sa takalmi, ga ɗan ƙullin kaya a kan cinyarta. Binta ta ce tun da labari ya iso take zaune haka.

Iya ta ce, "Na ce idan sun zo, su same ni a shirye. Ba na so a ja ni a gaban jikokina."

Uwani ta durƙusa a gabanta. Iya ta dafa kanta, ta ce, "Tashi, 'yar nan. Ai ba ku kawo su ba." Ta ajiye ƙullin a gefe, ta zare takalmi. Can ta ce, "Yaya kuka ga tekun? Ni tun da na tsallako shi ban koma bakinsa ba."

Uwani ta share ido, ta miƙe, ta tattare zani, ta shiga nuna wa Iya yadda ruwa ya kore ta da yadda ta kore shi, tana tsalle a tsakar ɗaki. Iya ta yi dariya har tana tari.

Daga Jidda zuwa gida

Washegari Alhaji Mamman ya kai mu filin jirgi, katunanmu a wuya, ni har na ɗaure nawa da ƙulli biyu. A cikin jirgi muka yi alkawari, muka tafa a kai: wannan magana ta mutu a tsakaninmu, kada 'ya'yanmu su ji, kada su ce ba za mu sake fita ko'ina ba.

Muka sauka Kano, muka kwana gidan ɗana, da safe muka kama hanya. Rana ta take tsaka muka shiga Haɗeja. Unguwa ta cika, yara suna bin mota, mata suna guɗa, maigidan Uwani yana tsaye a ƙofar gida da babbar riga. Mota ba ta gama tsayawa ba, Uwani ta zuro kai ta taga, ta ɗaga murya yadda har na ƙarshen layi zai ji: "Malam! Jama'a! An kama mu a Jidda!"

Tunda ta riga ta fasa, na ga gara ku ji shi daga bakina, don a nata bakin 'yan sandan sun kai ashirin, kuma wai ita ta koya wa jami'in Hausa.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Ina gode wa 'ya'yanmu, da Binta da maigidanta, da Hauwa ta Tawa, Allah ya sa ta riski bikin ɗiyarta. Ina gode wa mai fassara, da baiwar Allah da ta ba tsofaffi biyu jiƙaƙƙu shayi mai zafi ba ta san ko su wane ne ba. Iya kuwa, Allah ya bar ta a ɗakinta, cikin jikokinta, har ƙarshen kwananta.